Jarin Makaɗi a Kan Yatsa Yake

A cikin duk kayan kiɗan da ake ja da yatsa, ban san wanda ya kai kwantirabas cin fata ba. Sunan daga Faransanci muka aro shi, mu da muke zaune a Kamaru. Yaran unguwa da suka taɓa ganinsa a Garwa kuwa sun raɗa masa nasu, suna ce masa kakar goge, kuma ba su yi ƙarya ba. Siffarsa ta goge ce irin ta Turawa, sai dai a tsaye ake kaɗa shi, domin tsawonsa ya kusa mita 2, ya fi yawancin masu kaɗa shi tsayi. Tsirkiya huɗu gare shi. Wurin da kowace take rawa idan an ja ta ya ɗan haura mita 1, mafi kaurinsu kuma ta kai tsinken tsire. Idan na ƙarfe ne, kowace ɗaya tana ɗaure da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 25 zuwa 30. Wannan ce wayar da mutum zai sa gefen yatsansa ya ja, ya saki, ya sake ja, sau dubbai a dare guda.

Abin da ya fi ba ni tausayi a matsayina na ma'aikacin rediyo shi ne, wannan wahala ba kasafai take isa kunnen mai sauraro ba. Sauti mafi zurfi da kwantirabas ke fitarwa yana kaɗawa kamar sau 41 ne a daƙiƙa. Ƙaramar rediyon da ake ratayewa a rumfar mai shayi, ko wadda manomi ke ɗaurawa a kan keke, ba ta da bakin da za ta furta irin wannan sauti. Sai ta haɗiye shi. Mutum ya ji muryar mawaƙi, ya ji jita, ya ji ganga, ya tashi yana rawa, bai san akwai wani can baya da yake riƙe da ƙugun kiɗan ba, wanda wataƙila yatsansa yana tsiyayar ruwa a lokacin da aka ɗauki faifan.

Ni haifaffen Tuboro ne, can cikin Mayo Rey, inda ƙasarmu ta haɗa iyaka da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Karatun aikin jarida ya kai ni Yawunde, aiki kuma ya zaunar da ni a Garwa, inda na kusa shekara goma ina gabatar da shirin kiɗa da waƙa da Hausa. A tsawon wannan lokaci na yi wata ɗabi'a: duk makaɗin da ya shigo ɗakin watsa shiri, idan muka gaisa sai na ɗan riƙe hannunsa. Tun ana yi mini dariya har aka saba. Hannu yana gaya maka abin da baki zai ɓoye. Mai kalangu za ka ji kanta a inda yake riƙe makaɗi. Mai goge da mai kukuma yatsunsu na hagu da sauƙi, saboda izga taɓa ta ake yi, ba a danne ta har jikin itace. Masu garaya da kuntigi da yawa suna riƙe ɗan abin kaɗawa, shi yake karɓar duka a madadin yatsa. Mai molo ya fi su shan wuya, musamman yanzu da zaren fatsa ya maye gurbin tsirkiyar da. Amma idan ka gaisa da wanda ya daɗe yana jan kwantirabas, gefen manuninsa na dama za ka ji shi kamar bakin takalmin fata.

Ƙasarmu ta yi suna a duniya wajen kiɗan bas. Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Aladji Touré, Armand Sabal-Lecco, Etienne Mbappé, Richard Bona, duk 'yan Kamaru ne, kuma babu inda ake maganar bas a Faransa ko Amurka ba a ambaci wani daga cikinsu ba. Labarin Bona sananne ne, cewa yana yaro da wayar birkin keke ya yi wa jitar da ya ƙera tsirkiya. Yawancin waɗannan gwanaye bas na lantarki suke kaɗawa, wanda ake ratayawa a kafaɗa, irin wanda kamfanin Fender ya fara fitarwa kasuwa a 1951. Kafin zuwansa kwantirabas aka fi amfani da shi, kuma galibi babu na'urar ƙara masa sauti. Makaɗan jaz na Amurka a wancan zamani sai su ɗaga tsirkiya sama sosai, su ja da ƙarfin tsiya, don a ji su a tsakiyar ƙaho da ganguna. Mutane irin su Ray Brown da Charles Mingus a wannan makaranta suka taso. Duk wanda ya ji yadda sautinsu yake cika ɗaki, ya sani fata ce ta biya kuɗinsa.

A arewa kwantirabas baƙo ne. A Garwa wanda na sani guda ɗaya ne, a hannun wani dattijo da ya saye shi shekaru da yawa daga wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. A wurinsa ƙanena ya koya, kuma labarinsa ne ya sa nake wannan rubutu.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Da damina manomin auduga ne kamar kowa a Tuboro, inda rayuwa take juyawa a kan kalandar Sodecoton: a shuka, a yi feshi, a tsince, a kai ma'auni, a jira kuɗi. Idan kuɗin auduga ya shigo gari, lokacin ne ake ɗaura aure, lokacin ne ake neman makaɗa. Shi da abokansa suna da ƙungiya, shi ne mai bas na lantarki, suna zagaya ƙauyuka har wajen Mbaibum. Abin da yake samu a waɗannan watanni yakan kai na gonarsa. Wata shekara ya bar wa ƙannensa tsintar auduga ya zo Garwa wurina, ya ga kwantirabas, hankalinsa ya tashi. Dattijon ya karɓe shi, yana ba shi minti ashirin da safe, minti ashirin da yamma, daga nan ya rufe kayan da zane. Ƙanena yana ganin rowa ce.

Ana cikin haka sai wani otal ya nemi masu kiɗa mai sanyi na dare uku a bukukuwan ƙarshen shekara, kuma suka ce da kwantirabas suke so. Dattijon ƙafa ta hana shi tsayuwa mai tsawo, sai ya miƙa yaron. Kwana goma suka rage. Kuɗin da aka yanka masa shi ne zai cike abin da ya rage na lefensa. Ranar da dattijon ya yi tafiya ya bar masa mabuɗin ɗaki, ya ja masa kunne.

"Ɗana, fata ba ta san ranar biki ba. Kada ka wuce abin da na ɗiba maka."

"To, Baba."

Yana juya baya yaro ya shiga yin awa biyar a yini. A rana ta uku bororo biyu suka taso, ɗaya a manuni, ɗaya a yatsan tsakiya. Wani abokinsa bakanike ya ce abu ne mai sauƙi. Suka sa reza suka yanke fatar gaba ɗaya, suka ɗiga man birki wai don ya ƙone ciwon, da ya ɗan bushe suka shafe shi da gam mai kamawa nan take, ya koma kan tsirkiya. Bai gaya wa kowa a gida ba. Sai a dare na bakwai na ji nishi daga ɗakinsa, na tarar da shi zaune ya ɗaga hannu sama, manunin ya kumbura ya yi sheƙi, yana bugawa kamar zuciya.

"Yaya, ji nake kamar ana hura wuta a ciki," in ji shi.

Da asuba muka tafi asibiti. Malamar da ta duba shi ta ce kakkarai ne ya kama kan yatsan, dole a tsaga a fitar da mugunya, kuma da ya ƙara kwana biyu ko uku da maganar ƙashi ake yi. Aka tsaga, aka ba shi magani. Mako shida ya yi bai taɓa tsirkiya ba. Aikin otal ya wuce shi. Bukukuwan Tuboro ma rabinsu suka wuce shi, ƙungiyarsu ta ɗauki wani a gurbinsa. Auren sai da aka ɗaga shi shekara guda. Yau ya warke yana kiɗansa, amma idan hunturu ya kama, kan yatsan nan yakan yi masa dum kamar ba nasa ba.

Tun daga lokacin na shiga tambaya. Na tambayi ma'aikatan lafiya da nake gayyata cikin shiri, na tambayi tsofaffin makaɗa, na karanta abin da na samu. Abin da na tattara ba sirri ba ne, amma na lura yawancin yaranmu masu koyon jita da bas ba su taɓa jin wani ya zauna ya shimfiɗa musu shi ba.

Da farko, mene ne bororo? Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a makon farko na damina ya san shi. Fatar mutum hawa-hawa ce. Idan abu yana gogar ta yana jan na sama gaba da baya, alhali na ƙasa yana manne da nama, sai wani hawa na tsakiya ya yage. Cikin awa ɗaya ko biyu ruwa ya taru a wannan gurbi. Ruwan nan daga jiki yake, mai tsabta ne, fatar da ta rufe shi kuma ita ce bandejin da ya fi kowanne kyau, domin babu ƙwayar cuta a ƙarƙashinta. A ƙasan ruwan sabuwar fata take tsirowa, cikin kwana biyar zuwa mako guda ta rufe wurin. Idan gogar ta yi tsanani har ta fasa ƙananan jijiyoyin jini, sai bororon ya yi baƙi, shi ne na jini.

Kanta kuwa amsa ce da jiki yake bayarwa idan aka goge shi kaɗan-kaɗan, kullum, ba tare da an yaga shi ba. Sai ya riƙa ƙara kauri a wurin. Fata tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta kanta, saboda haka wanda yake son kanta ya ƙirga makonni. Babu dabarar da za ta mayar da mako huɗu kwana goma. Akwai wani zance da yake yawo a tsakanin masu koyo, wai sai ka yi bororo ya fashe, ka yi wani ya fashe, sannan yatsa zai yi tauri. Ba haka abin yake ba. Duk bororon da ya fashe ya tafi da ɗan kaurin da ka tara, ka koma farko da fata ta jariri. Minti ashirin ɗin dattijon nan da ƙanena ya ɗauka rowa ce, ita ce hanya mafi kusa.

Jiki kuma ba ya yin bororo ba tare da ya yi sallama ba. Kafin ruwa ya taru, wurin zai yi ja, ya yi ɗumi, ya riƙa yi maka raɗaɗi kamar ka taɓa murfin tukunya. Wannan ita ce ƙararrawa. Wanda ya ajiye kayan a nan, gobe zai dawo da yatsa lafiya, har ma ya ɗan fi jiya tauri. Wanda ya ce bari in ƙarasa waƙar nan, ya sayi hutun mako guda. Idan dole ne a ci gaba da koyo a ranar, akwai aikin da ba ya cin wannan wuri. A ɗauki bakan gogawa a bar ja da yatsa, ko a yi aikin hannun hagu shi kaɗai, ko a zauna a saurari faifai a haddace hanyar da kiɗan yake bi.

Yadda ake ja ma yana da nasa. Sabon shiga yakan lanƙwasa yatsa ya finciki tsirkiya da ƙarshensa, sai duk nauyin ya taru a wuri kamar ƙwayar gero. Gwanaye kwantar da yatsan suke yi kusan a jere da tsirkiya, su ja da gefensa, daga gaɓa ta farko har kusa da ta biyu, nauyin ya bazu. Ƙarfin kuma daga kafaɗa da damtse yake saukowa. Suna kuma raba aikin tsakanin manuni da yatsan tsakiya. Hannun hagu shi ma haka, ba a matse wuyan kayan kamar ana shaƙe kaza. A bar nauyin hannu ya danne.

Sai kayan kansa. Idan jakin da ya ɗauki tsirkiya ya yi tsawo da yawa, tsirkiya ta yi nisa da itace, yatsun hagu za su sha wahalar banza. A rage shi. Yanayin arewa yana wasa da itace, da damina ya kumbura, da rani ya tsuke, don haka tsawon da ya dace a watan Agusta ba lallai ya dace a watan Fabrairu ba. Tsirkiyar da ta yi tsatsa ko ta fara warwarewa zarto ce, a canza ta. A riƙa goge ta da tsumma mai tsabta bayan kowane kiɗa, domin gumi da ƙura su ne suke mai da ita kaushi. Idan akwai ampili, a ƙara masa murya, a rage ƙarfin ja. Mutanen da suka kashe yatsunsu don a ji su a bayan ƙaho, rashin na'ura ne ya sa su. Mu da muke da ita ba mu da dalilin gadon wahalarsu.

Danshi shi ne babban abokin bororo. Fata mai ɗan laima ta fi busasshiya kama tsirkiya, ta fi saurin yagewa. Don haka ba a fita daga wanka ko wanki a hau kiɗa. A bari hannu ya bushe sarai, kamar rabin awa ko fiye. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, hannu ba ya rabuwa da gumi, sai a ajiye tawul kusa a riƙa sharewa tsakanin waƙa da waƙa. Hunturu kuma nasa sharrin daban ne. Yana busar da kanta har ta tsage kamar faso, tsirkiya ta shiga tsagar ta ɓalle ta gaba ɗaya. Maganin wannan yana ɗakin iyayenmu mata: man kaɗanya, a shafa da dare lokacin kwanciya, ba dab da kiɗa ba. Idan kanta ta yi tudu ko bakinta ya fara ɗagowa, a goge ta a hankali da dutsen goge kaushi ko sanfefa mai laushi har ta yi sumul. Kanta mai kauri fiye da kima tana iya yin bororo a ƙarƙashinta, wanda ya fi na sama ciwo.

Wani abin da ake mantawa shi ne kanta ba ta dawwama. Makaɗinmu na arewa yakan ajiye kayansa wata huɗu ko biyar yana gona. Tafin hannunsa ya yi tauri da fartanya, sai ya ɗauka hannun a shirye yake. Amma inda fartanya take ci daban, inda tsirkiya take ci daban. Wanda ya san zai yi kiɗan biki a watan Janairu, ya fara taɓa kayansa minti goma sha biyar a kullum tun watan Nuwamba.

To, idan an yi duk wannan kuma bororo ya fito fa? Yakan fito, har ga gwanaye. Idan ƙarami ne, ba ya hana ka komai, a bar kaza cikin gashinta. A wanke, a rufe da filasta ba tare da matsewa ba, jiki zai shanye ruwan da kansa. Idan babba ne, ya cika tam, yana ciwo, kuma ka ga ko ba ka taɓa shi ba zai fashe, ya fi kyau ka tsiyaye shi da tsabta da ya yage a kan tsirkiya. A wanke hannu da sabulu, a goge wurin da aidin ko sifirit, a sami sabuwar allura a cikin ledarta daga kantin magani, a huda a gefe, wuri ɗaya ko biyu, a danna a hankali da auduga mai tsabta har ruwan ya fita. Fatar sama a bar ta a kwance inda take. A rufe, a canza rufin kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe. Bororon jini ba a huda shi. Wanda ya riga ya yage kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a shafa ɗan basilin, a rufe. Allura ko reza ba a karɓar ta wani, ba a ba wani taka, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta nan suke bi.

Abubuwan da ba a sawa sun fi waɗanda ake sawa yawa, kuma duk na ji su a bakin mutane: man birki, ruwan batir, kananzir, toka, baƙin mai, garin kafso da aka fasa. Man birki da ruwan batir suna ƙone naman da yake ƙoƙarin warkewa. Raɗaɗin da mutum yake ji yana cewa magani yana aiki, ɓarna ce take aiki. Gam mai kamawa nan take, gaskiya ne wasu makaɗa a ƙasashen waje suna shafa shi a kan fata lafiyayya don ya zame musu sulke na dare ɗaya. Amma wanda ya shafe buɗaɗɗen ciwo da shi ya kulle ɓarawo a cikin ɗaki. Abin da ya sami ƙanena ke nan. Kan yatsa a ciki ɗakuna ne ƙanana masu bango, mugunya idan ta taru ba ta da inda za ta faɗaɗa, sai ta danne jijiyoyin jini ta nufi ƙashi. Dalilin da ya sa kakkarai yake hana barci ke nan, dalilin kuma da ya sa ba a jira da shi.

Alamomin da suke cewa a tafi asibiti yau, ba gobe ba, su ne: ruwan ya koma fari ko ruwan ɗorawa, jan ya fara yaɗuwa, yatsa ya kumbura yana bugawa, wani jan layi ya bi hannu ya nufi hammata, kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya sauka. Mai ciwon suga kada ya huda komai da kansa, ko ƙarami ne ya nuna wa ma'aikacin lafiya. Wanda waya mai datti ta yanka, musamman irin jitar da yara suke ƙerawa da wayar birki, ya tambaya ko yana buƙatar allurar tetanos, cutar nan da take sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi.

Akwai tambayar da kowane makaɗi zai yi mini a nan, na sani: to idan an riga an karɓi kuɗin biki fa? Wannan ita ce tambayar gaskiya, domin talaka ba ya hutun jinya. Idan bororo ne kawai, babu alamar mugunya, ana iya lallaɓawa. A tsiyaye shi tun da rana, a sa ɗan ƙyalle mai tsabta a kai yadda gam ɗin filasta ba zai kama fatar ba, a naɗe ba tare da an hana jini gudu ba, a mayar da yawancin aikin kan ɗaya yatsan, a ƙara ampili, a rage yawan bugu. Masu kiɗan bas da suke marin tsirkiya a Amurka sun daɗe suna naɗe yatsunsu haka. Sautin zai ɗan dushe, amma ba wanda zai lura a filin rawa. Idan kuwa akwai kumburi da bugawa, a nemi wanda zai tsaya maka a raba kuɗin. Rabin kuɗin dare ɗaya ya fi asarar kaka guda.

Tsofaffinmu suna da nasu sani, kuma ba na raina shi. Matan da suke tsintar auduga a Tuboro sun san yadda bakin busasshen ƙwanso yake sukar gefen farce, shi ya sa wasu suke naɗa tsumma a yatsu, wasu su ƙunsa lalle kafin kaka. Wani mai molo ya ce mini shi ma lalle yake sawa, wani kuma ya ce yana tsoma yatsu a ruwan bagaruwa, wadda majema suke jeme fata da ita. A kan fata lafiyayya, lallen gargajiya na ganye ba ya cutar da yawancin mutane, kuma masu yi sun ce suna jin daɗinsa. Baƙin lallen kanti da ake haɗawa da sinadari shi ne abin gudu, domin yana iya tayar da ƙuraje da kansa. A kan ciwo kuwa babu lalle, babu bagaruwa. Abin da na lura shi ne, duk tsohon da ya ba ni irin wannan magani, idan na ci gaba da tambaya sai in tarar ya fara kiɗa tun yana yaro, a gefen ubansa ko ubangidansa, ana ba shi kaɗan ana karɓewa. Haƙurin nan shi ne ya gina yatsan, lalle ya zo daga baya.

Abin da ya canza a zamaninmu shi ne yaro yana koyo shi kaɗai. Ya ga Richard Bona a waya, ya ari jita, ya kulle kansa a ɗaki. Waya tana nuna masa inda zai sa yatsa, amma ba ta karɓe kayan ta rufe da zane idan lokaci ya yi. Ga kuma wannan ɗabi'a tamu ta cewa namiji ba ya kuka da ɗan ciwo, balle ciwon yatsa, balle kuma wanda ya samo a wurin kiɗa, sana'ar da a gidaje da yawa har yanzu ba a son a ji ɗa yana yi. Yaron da ya sare ƙafa da fartanya zai nuna wa uwarsa. Wanda tsirkiya ta ci yakan sa hannu a aljihu. Ƙanena kwana huɗu yana cin abinci da hagu a ɓoye a ɗaki, don kada a ce ga abin da kiɗa ya jawo masa.

Mu masu aikin murya an koya mana tun a makaranta cewa maƙogwaro jari ne. Ba ma ihu a filin ƙwallo ranar da za mu karanta labarai, muna shan ruwa, idan murya ta dushe muna hutar da ita, kuma babu wanda yake ce mana ragwaye. Tela yana tsaron idonsa, ɗan acaɓa yana duba tayarsa. Makaɗi ma haka ya kamata ya ɗauki yatsansa, haka kuma ya kamata mu da muke cin moriyarsa mu ɗauke shi.

Saboda haka roƙona yana wurin mutum uku. Shugaban ƙungiya ya sa sabulu da aidin da filasta da sabbin allurai a cikin akwatin wayoyi, kuɗinsu bai kai na man janareto na dare ɗaya ba, kuma ya duba hannun yaransa kafin a ɗauki aiki. Mai biki, idan makaɗa sun ce za su huta minti goma bayan awa guda, kada ya ɗauka cin kuɗinsa ake yi. Iyaye kuma, ko ba ku son sana'ar, ku so yatsan, domin shi ne dai zai riƙe fartanya da alƙalami. Duk shekara idan aka fara kai auduga ma'auni nakan ware minti biyar a cikin shiri in maimaita wannan magana da Hausa, abokin aikina ya maimaita da Fulatanci. Wanda ya karanta a nan, idan yana da ƙane ko ɗa da yake koyon tsirkiya, ya kira shi ya ce ya buɗe hannunsa ya gani. Allah ya ba mu lafiya, ya sa wa sana'ar kowa albarka.